An cire wa mahaifiyata ƙullutu a nono, me ya sa sakamakon ke daɗewa?

Ƴar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Kin ce an yi mata aiki a Maraɗi, an ba ku naman a kwalba ku kai labo, kwana 5 ke nan shiru.

Wannan gwajin ba irin na jini ba ne. Sai naman ya jiƙu cikin formol (ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa) mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, awa 6 zuwa 72, a tsotse ruwansa, a daskarar da shi cikin kakin farafin, a yanka shi siriri kamar mikron 4 (mikron dubu ne ke yin milimita ɗaya), a rina, sannan likitan anapat, wato mai binciken ƙwayoyin nama don gano cuta, ya duba da madubin ƙara girma. Idan aka tura Yamai, ga kwanakin hanya kuma.

Inda ake yawan kuskure wajen kwalbar ne. Ya kamata formol ya ninka naman sau 10, kwalbar ta zama mai faɗin baki, da suna da kwanan wata a jikinta. Kada a zuba ruwa, kada a sa a firiza, ƙanƙara na fasa ƙwayoyin naman. Kada a bar ta cikin mota a rana.

In sakamako ya fito, ki kai wa likitan da ya yi aikin, shi zai fassara muku.