Dokar Haya da Ka Karanta a Intanet ta Legas Ce, Shagonka Kuma Yana Kano

Tambaya: Barista, shekara 6 ke nan ina haya a wani shago a cikin birnin Kano, ina biya shekara-shekara. Wa'adina zai ƙare a ƙarshen wata mai zuwa. Mai shagon ya aiko wakilinsa cewa ya ƙara kuɗi, kuma na shekara 2 yake so a dunƙule, in ba haka ba in tashi. Na bincika a intanet na ga an rubuta cewa dokar Najeriya ta hana karɓar kuɗin haya fiye da na shekara ɗaya, har da tara da ɗauri, kuma dole ne a ba ni notis na wata 6. Don haka na aika masa cewa ba zan biya ko sisi ba sai mun haɗu a kotu, kuma ina shirin kai shi wurin 'yan sanda. Ina kan daidai?

Amsa: Malam, tun da ban ga takardar yarjejeniyarku ba, ban ga rasit ɗinka ba, kuma ɓangare ɗaya kawai na ji, duk abin da zan faɗa a nan bayani ne na gaba ɗaya, wanda yana iya sauyawa idan takardu suka zo hannu. Duk da haka akwai abin da zan iya gaya maka da ƙwarin gwiwa, shi ne tubalin da ka ɗora matsayinka a kai ba zai ɗauke ka ba a kotunan Kano.

Bisa dukkan alamu abin da ka karanta shi ne sashe na 4 na Dokar Haya ta Jihar Legas ta 2011. Wannan sashe ne ya hana mai gida neman kuɗin fiye da shekara ɗaya daga mai biya shekara-shekara, ko fiye da wata 6 daga mai biya wata-wata, kuma ya tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 3. Majalisar dokokin Legas ce ta yi dokar, don haka ƙarfinta yana ƙarewa a kan iyakar Legas. A cikin Legas ɗin ma dokar ta cire Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA, kuma hukuncin bai tsaya kan mai gida ba, yana hawa kan ɗan hayar da ya miƙa irin wannan kuɗi. Masu rubutu a intanet da dama lauyoyin Legas ne ko masu dillancin gidaje a can, suna rubuta "dokar Najeriya" alhali dokar jiharsu suke nufi, kuma ba kai ne na farko da wannan sakaci nasu ya ɓatar ba.

Dalilin haka yana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Sashe na 4 ya raba ikon yin doka tsakanin majalisar tarayya da majalisun jihohi, jadawali na biyu kuma ya lissafa abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, irin su tsaro da kuɗin ƙasa da 'yan sanda da dokar shaida, sannan ya lissafa waɗanda aka yi tarayya a kansu. Haya tsakanin mai gida da ɗan haya ba ta cikin jerin biyun, saboda haka hurumin kowace jiha ce. Har dokar da majalisar tarayya ta yi kan karɓe gida daga ɗan haya, Abuja kaɗai take aiki, domin a can majalisar tarayya ce ke matsayin majalisar jiha. Kafin ka kafa hujja da sashe na 4 na dokar Legas ɗin nan, sai ka nuna takwaransa a cikin dokokin Kano, kuma ba na ba ka shawarar ka ɗauka cewa akwai shi.

Maganar notis na wata 6 ta fi kusa da gaskiya, amma ita ma tana da sharuɗɗan da ba a gaya maka ba. Tsarin da aka saba gani a dokar Abuja da galibin dokokin jihohi shi ne mako ɗaya ga mai biya mako-mako, wata ɗaya ga mai biya wata-wata, wata 3 ga mai biya duk wata 3, wata 6 ga mai biya shekara-shekara, bayan haka kuma a ƙara notis na kwana 7 cewa mai gida zai garzaya kotu. Sai dai waɗannan wa'adai suna aiki ne idan ɓangarorin biyu ba su yi wata yarjejeniya ba. Idan takardar da ka sa wa hannu ta ce notis na wata ɗaya ya wadatar, mai yiwuwa ne kotu ta riƙe ka da abin da ka sa wa hannu. Idan kuma takardar ta ce hayar ta shekara ɗaya ce tak, daga rana kaza zuwa rana kaza, ana iya cewa ta ƙare da kanta ranar da wa'adi ya cika, ba sai an ba ka wata 6 ba. Mutane da yawa suna sa hannu a takardar da dillali ya kawo ba tare da sun karanta ba, sai rigima ta taso su fara neman kwafinta. Ka nemo taka tun yau.

Ko da a ce ka cancanci wata 6 ɗin, kada ka ɗauke shi a matsayin katangar da ba ta rushewa. A 2021 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da aka yi tsakanin kamfanin Pillars da Desbordes, wadda ta taso daga Legas, inda Mai Shari'a Helen Ogunwumiju ta bayyana cewa shigar da ƙara a kotu da isar wa ɗan haya da sammaci sun isa su sanar da shi cewa ana son gidan, kuma kuskure a cikin notis bai kamata ya zama mafakar da zai yi shekaru a ciki ba. Lauyoyi suna muhawara har yanzu kan ko wannan magana ita ce ginshiƙin hukuncin ko kuwa ƙarin bayani ne, kuma ni ina cikin masu ganin a yi taka-tsantsan da ita. Amma ka lura da bambancin: dokar majalisar Legas ba ta ɗaure alƙalin Kano, fassarar Kotun Ƙoli kuwa tana bin kowace kotu a ƙasar nan matuƙar batun da kalmomin dokar sun yi daidai. Lauyan mai shagonka zai iya ɗauko wannan hukunci, kuma alƙali zai saurare shi.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne saƙon da ka aika cewa ba za ka biya ko sisi ba. Shekara 6 kana biya kan kari, wannan shi ne mafi ƙarfin abin da kake da shi, kuma da hannunka kake shirin zubar da shi. Ɗan hayar da ake bin sa bashi yana shiga kotu da rauni, a wasu dokokin ma bashin yana rage masa haƙƙin notis. Duk kwanan da ka ƙara a shagon bayan wa'adi, kotu tana iya lissafa maka kuɗinsa. Ga kuma ƙananan kotunan bashi da aka buɗe a Kano a 2019, bayan Legas ta fara nata a 2018, waɗanda aka tsara domin a gama ƙarar kuɗi cikin hanzari ba tare da dogon turanci ba. Mai shago zai iya bi ta nan ya nemi kuɗinsa.

Batun 'yan sanda kuma ka ajiye shi. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum kan saɓanin ciniki ko karya yarjejeniya kawai, kuma wanda ya sa aka tsare wani kan irin wannan yana iya tsintar kansa ana neman diyya a wurinsa.

Wannan ba ya nufin mai shagon ya kyauta. Aiko wakili da baki saura wata guda, a ce wa mutumin da ya shekara 6 yana biya ya kawo na shekara 2 ko ya tashi, hali ne da ba ya nuna an nemi shawarar lauya, balle an duba zaman tare. Saƙon baki ba shi ne notis ɗin da doka ta sani ba. Ƙarin kuɗi kuma tayi ne, ba ya zama wajibi a kanka sai ka amince, ko da yake shi ma yana da damar ya ƙi sabunta maka haya idan ya bi hanyar da ta dace. Abin da ba shi da ikon yi shi ne ya garƙame shagon, ko ya cire ƙofa ko rufi, ko ya watso maka kaya ba tare da umarnin kotu ba. Tun a 1986, a shari'ar Gwamnan Legas da Ojukwu, Kotun Ƙoli ta yi tir da gwamnati kanta saboda fitar da mutum daga gida da ƙarfi alhali magana tana gaban kotu. Idan ya yi maka haka, ka ɗauki hoto, ka samu shaidu, kada ka rama, ka nemi lauya a ranar.

Tun da kai mai son bincike ne, abin da kuma nake yabawa, bari in nuna maka inda ake neman doka. Duk abin da ka gani, fara da tambayar wace majalisa ce ta yi shi, a wace shekara, kuma an sa masa hannu ko har yanzu ƙudiri ne, domin jaridu sukan ba da labarin ƙudiri kamar ya riga ya zama doka. Dokokin tarayya an tattara su a kundin 2004, kuma an sauya da yawa bayan nan: dokar shaida ta 2011 an yi mata gyara a 2023, dokar sasanci ta 1988 kuma an maye gurbinta da sabuwa a 2023. Na Kano sun samo asali daga kundin dokokin Arewa na 1963, aka tattara na jihar a kundin 1991 wanda ake yawan ambata a hukunce-hukunce, dokokin da suka biyo baya kuma sai an bi su a gazet ɗin jiha ko a Ma'aikatar Shari'a. A nan wahalar take, domin dokokin Legas da na tarayya suna ko'ina a intanet, na jihohinmu kuwa sau da yawa sai an je ɗakin karatu na babbar kotu ko na tsangayar shari'a ta Jami'ar Bayero. Hukunce-hukuncen manyan kotuna ana samun su a NWLR, kundin rahoton hukunce-hukunce na mako-mako, wanda marigayi Gani Fawehinmi ya kafa a 1985, da kuma manhajoji irin su LawPavilion, waɗanda lauyoyi ke biyan kuɗi su shiga. Ko lauya ba ya kafa hujja da hukunci sai ya tabbatar ba a soke shi a sama ba.

Akwai kuma abin da shafukan Legas ba za su taɓa gaya maka ba. Idan ku biyun Musulmi ne, mai yiwuwa maganar ta je kotun shari'ar Musulunci, inda alƙali zai duba ta da ma'aunin fiƙihun Malikiyya, wanda ke ɗaukar haya a matsayin cinikin amfani da ke tsayuwa kan yardar juna, da sanin kuɗi, da sanin wa'adi. Wace kotu ce ke da hurumi, ita ko ta majistare, tambaya ce da lauyanka zai duba bisa dokar jiha da yadda aka shigar da ƙarar, kuma amsarta tana iya sauya yadda za a auna shaidarka.

Shawarata ita ce ka nemi sulhu tun wa'adinka bai cika ba. Ko ka yi nasara a kotu, abin da za ka samu galibi ƙarin watanni ne, bayan kuɗin lauya da zirga-zirga da rufe shago ranakun zama, sannan daga ƙarshe ka tashi ka bar kwastomomin da ka tara. Ka janye saƙon farko a rubuce, cikin ladabi, ka ce a shirye kake ka biya na shekara ɗaya, ka nemi a zauna kan ƙarin. Kuɗin su bi ta banki domin a samu shaida, idan ya ƙi karɓa kuma ka adana shaidar cewa ka miƙa. Ka sa mai unguwa ko shugabannin 'yan kasuwar wurin ko wani dattijo da yake jin nauyinsa su shiga tsakani. Idan hakan bai yiwu ba, babbar kotun Kano tana da cibiyar sasanci da lauyoyi ke kira Multi-Door, wadda aka buɗe a 2009, kuma yarjejeniyar da aka cimma a can idan alƙali ya amince da ita tana zama kamar hukuncin kotu. Kana iya tayin ƙarin da za ka iya ɗauka a kan a bar ka shekara-shekara, ko a raba na shekara 2 gida biyu, ko kuma a ba ka wa'adi a rubuce ka nemi wani wuri. Kafin zaman, ka kai wa lauyan da ke aiki a kotunan Kano takardar yarjejeniya da rasit ɗinka na shekara 6 da duk saƙonnin da kuka yi musaya, ya duba su tare da dokar jihar da ke aiki a yau, kuma kada ka sa hannu a sabuwar takarda sai ya karanta ta.