Shin in toshe sabunta manhaja a kwamfutocin ɗalibai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ke kula da ɗakin kwamfuta na wata kwaleji. Windows tana sabunta kanta ba da izinina ba, intanet ya yi nauyi, data ta ƙare tun wata bai raba ba. Rannan ana tsakiyar jarrabawa kwamfutoci uku suka kashe kansu. Ga ɗalibai suna sauke duk abin da suka ga dama. Ina so in toshe sabuntawa gaba ɗaya don in kare sadarwar makarantar. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ji takaicinka. Na taɓa tsayawa a bayan wata ɗaliba da allonta ya koma shuɗi saura mata tambaya biyar, tana kallon ɗigon nan da ke juyawa, hawaye na zuba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma don Allah kada ka toshe gaba ɗaya. Ƙofar za ka riƙe, ya zama ba abin da zai shiga sai da saninka, kuma a lokacin da ka zaɓa.

Ga dalilina. Babu manhajar da ba ta da ɓaraka, kuma mafi muhimmancin sabuntawa faci ne, irin wanda mai faci ke manna wa tayar da ta huje. A ranar 14 ga Maris 2017 kamfanin Microsoft ya fitar da facin wata ɓaraka a Windows. Wata biyu bayan haka, a 12 ga Mayu, cutar WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, tana neman kuɗin fansa. Wasu asibitocin Ingila sai da suka soke ayyuka suka mayar da marasa lafiya gida. Facin yana nan tun tuni, ba a manna shi ba ne kawai. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne cutar ba ta jiran kowa ya latsa komai. Da ta shiga kwamfuta ɗaya sai ta tsallaka ta kusa da ita. Ka dubi ɗakinka da kwamfutoci a jere kan waya ɗaya.

Tsoronka ma yana da tushe. A ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wata sabuntawa mai kuskure, ta durƙusar da na'urori masu Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna suka tsaya. A 2020 kuma 'yan dandatsa sun cusa guba a cikin sabuntawar manhajar SolarWinds, masu amfani da ita kusan 18,000 suka sauke da hannunsu. Shi ya sa ba a sakin sabuntawa ga kowa a rana ɗaya.

Microsoft na fitar da facin tsaro a Talata ta biyu ta kowane wata. Ka ware kwamfutoci uku ko huɗu su fara karɓa, ka duba manhajar jarrabawa da firinta suna aiki, bayan mako guda ka saki ga sauran. Idan Windows ɗinka Pro ce ko Education, a cikin Group Policy, wato wurin da ake kafa wa Windows dokoki, za ka iya jinkirta facin wata-wata har kwana 30, manyan sauye-sauye kuwa har kwana 365. Waɗannan manyan su ne masu cin data da canza fuskar komai, su kam jinkirta su har hutun ƙarshen zango. Facin tsaro ne ba na son ya wuce mako biyu. A cikin Group Policy ɗin ne kuma za ka sa sa'o'in aiki, don kada na'ura ta kashe kanta ana darasi. Makon jarrabawa ka dakatar da komai, akwai damar yin haka har kwana 35, amma ka rubuta ranar buɗewa a jikin bango, domin mantuwa ce ke mayar da dakatarwa toshewa.

Batun data: bai kamata kowace kwamfuta ta sauke abu ɗaya daga intanet ba. Ka sa uwar garke guda ta sauke cikin dare ta raba wa sauran, ta WSUS, manhajar Microsoft ta raba sabuntawa, ko kuma ka kunna tsarin Windows mai suna Delivery Optimization, kwamfutocin su riƙa miƙa wa juna a cikin gida.

Abin da ya cancanci toshewa na gaskiya shi ne na hannun ɗalibai. Kada ɗalibi ya shiga da asusun mai gudanarwa (administrator), mai ikon sauya komai, ko da minti biyar ne, ko da ɗan wane ne. Da asusun talaka, wanda ba shi da wannan iko, galibin manhajojin sata da tallan ƙaryar nan mai cewa «kwamfutarka ta tsufa, latsa nan» ba za su iya dasa kansu ba. Ka kashe buɗe filash kai tsaye, don ta filash ne cutar da ke mayar da fayiloli gajerun hanyoyi (shortcut) take yawo daga shagon buga takardu zuwa makaranta.

Kwamfutocin da ɗalibai suka zo da su daga gida kuwa ba naka ba ne, ba ka da ikon taɓa su. Ka ware musu tasu hanyar sadarwa da ba ta ganin ta ofishin jarrabawa da ta kuɗi, ka kuma ƙayyade wa kowa yawan abin da zai ja.

Sai abu ɗaya da nake so ka duba gobe da safe: wace Windows ce a kan na'urorin? Microsoft ta tsayar da facin tsaro na yau da kullum ga Windows 10 daga 14 ga Oktoba 2025. Idan ita kake da ita, ka rubuta wa shugaban makaranta takarda, ka lissafa waɗanda za su iya ɗaukar Windows 11 da waɗanda ba za su iya ba. Na biyun, ko a sa musu Linux a madadin Windows, ko a cire su daga intanet a bar su ga koyon buga rubutu.