Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa karatu Turkiyya: maganar naira da lira

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma na yi murna ƙwarai da samun gurbin karatun nan. Allah ya sa albarka. Ka ce ka duba ka ga lira ɗaya tana canza naira masu yawa, saboda haka Baffa na tunanin sayar da fili a mayar da kuɗin shekara huɗu lira gaba ɗaya a ajiye, tunda ita ce mai ƙarfi. Don Allah ka roƙar mini Baffa ya dakata har ya ji wannan.

Matar da na fara haya a gidanta a nan Istanbul, dattijuwa ce, in za ta ce lira biyar sai ta ce miliyan biyar. Ranar farko gabana ya faɗi. Da ta ga na rikice sai ta buɗe durowa ta ciro wata tsohuwar takarda ta miƙo mini, hoton Ataturk a jiki, an rubuta 20,000,000. Takarda ɗaya ce, lira miliyan ashirin, wadda aka fitar a 2001 lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. A ranar 1 ga Janairun 2005 gwamnati ta yanke sifiri shida, lira miliyan ɗaya ta koma sabuwar lira ɗaya, a 2009 kuma aka cire kalmar "sabuwa" daga sunan. To wannan ƙarfin da ka gani a waya, rabinsa aikin almakashi ne. Da ba a yanke sifirin ba, da naira ɗaya ce ke canza dubban lira.

Mu ma mun kusa yin haka. A Agustan 2007 Soludo, yana gwamnan Babban Banki, ya sanar da shirin cire sifiri biyu daga naira, gwamnatin marigayi 'Yar'aduwa ta dakatar da shi. Ka ga ke nan adadin da ke tsakanin kuɗi biyu ba ya gaya maka wanne ne lafiyayye. Abin dubawa shi ne inda kowannensu ya dosa.

Naira ka san labarinta, ko ka ji a bakin manya. An haife ta a 1 ga Janairun 1973, naira biyu a fam ɗaya, kuma a farkon shekarun 1980 ta fi dala daraja. A 1986 Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP aka saki farashi, ta fara gangara. Zamanin Abacha gwamnati ta ɗaure dala a wajen naira 22, 'yan canji na sayarwa sama da 80. A Yunin 2023 aka sake sakin ta, dala daga wajen naira 460 ta tsallaka 700, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta wuce 1,500. Wannan na ƙarshe a jikinmu muka ji shi. Na san yaran da iyayensu ba su rage ko kwabo daga abin da suke turowa ba, amma kuɗin ya iso bai kai rabin na bara ba, wasu dole suka ajiye karatu suka koma gida. Har yau abin na yi mini ciwo.

Ita kuwa lira, bayan gyaran 2005 dala ɗaya ba ta kai lira ɗaya da rabi ba, kuma ta yi shekaru a natse. A Agustan 2018 dala ta taɓa wajen lira 7. A Disambar 2021 ina tsaye gaban wani shagon canji, mutane cike, kowa ido a kan allo, lambar tana sauyawa kafin ka gama ƙirga kuɗin hannunka. Dala ta wuce lira 18 a ranar 20 ga watan, da dare shugaban ƙasa Erdogan ya sanar da wani tsarin kare ajiyar banki, dalar ta faɗo warwas cikin sa'o'i. Wanda ya saya da rana ya kwana da asara. Saukowar ba ta ɗore ba, a Janairun 2024 ta haye 30. Hauhawar farashi kuwa ta kai kashi 85 cikin ɗari a Oktoban 2022, a lissafin gwamnati kanta. Takarda mafi girma a nan ita ce lira 200. Da ta fito a 2009 ta fi dala 120, yau ba ta kai dala 7 ba. Haka dubu ɗayarmu da ta fito a 2005 tana sama da dala 7, yanzu ba ta kai ɗaya ba.

Don haka in an zuba kuɗin fili a lira, an fitar da shi daga kwando an sa a rariya. Barinsa a naira shekara huɗu ma duk kanwar ja ce. Abu na farko, ka duba takardar makarantar da kyau: da wane kuɗi suka rubuta kuɗin karatu? Jami'o'i masu zaman kansu galibi da dala suke yi wa baƙi lissafi, na gwamnati kuma yawanci da lira, amma suna ƙarawa kusan duk shekara. Ku yi kasafin da dala, a canza zuwa lira kaɗan-kaɗan gwargwadon buƙatar wata ɗaya ko biyu, kuma a ware wani abu na ko-ta-kwana, domin haya da abinci ba za su tsaya inda ka same su ba. Kada kuma ka sa albashin aiki a lissafi. Ɗalibin digirin farko sai ya cika shekara kafin ya nemi izinin aiki, shi ma na 'yan sa'o'i ne.

Ni da za a ji tawa, kada a sayar da filin tukuna, sai ka gwada neman tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, wanda ke ɗaukar kuɗin makaranta da masauki har da na kashewa. Ana buɗe shi a farkon shekara. Ka ɗauki hoton takardar gurbin ka turo mini yau, shafin da aka rubuta kuɗi nake so in gani, sai in kira Baffa da kaina bayan Isha'i. Ka gaishe da Inna.