Daga ina "chop-chop" ta samo asali?

Tambaya: Malam, wani Bature da muke aiki tare yakan tafa hannu ya ce mana "chop-chop". Ni dai na san "chop" ci ne a buroka, ga shi babu abinci a wurin. Me yake nufi?

Amsa: Malam, ba zancen abinci yake yi ba, cewa yake ku yi maza-maza. Kada ka haɗa ta da "chop-chop" ta burokar Najeriya da Gana, wadda ake jifan masu handama da ita, ko da "chop" ta Ingilishi mai nufin sara. Kama da wane ba wane ba ne.

Tushenta ƙasar Sin. Daga 1757 zuwa 1842 hukumar Sin ta taƙaita cinikin Turawa na teku a tasha guda, Kanton, wato Guangzhou ta yau. Can fataken Ingila ke sayen ganyen shayi da siliki, kuma da yake ba mai jin harshen wani, sai wata buroka ta tsiro tsakaninsu da dillalai da 'yan dako. A cikinta aka haifi kalmar. An same ta a rubuce tun 1834 a jaridar Canton Register, ma'aikatan jiragen ruwa kuma suka yaɗa ta. Ƙamusun Hobson-Jobson na 1886 ya danganta ta da "kap-kap" ta harshen mutanen Kanton, mai nufin gaggawa, wasu masana kuma sun fi karkata ga "cuk-cuk" mai nufin sauri. Ko wacce ce, ninki ne na ƙarfafa ma'ana, irin yadda muke mayar da maza ta koma maza-maza.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen amfani. Umarni ce tsagwaronta, ita kaɗai ake faɗa ko a ƙarshen magana, ba ta shiga wasiƙa ko takardar aiki. Daga sama take saukowa ƙasa: uwa ga yaran da za su makara makaranta, ko abokai cikin raha. Ka faɗa wa maigidanka, ko dattijo, ko mai sayen kayanka, ka yi rashin kunya. Basine kuwa kada ma ka soma, domin tana tuna masa zamanin da Turawa ke kora kakanninsa aiki da ita.

A ganina abokin aikinku ma gara ya bar ta. Kana iya gaya masa cikin ladabi cewa "please hurry" ta wadatar.