Tambaya da Amsa: Gidan ya yi min, amma ina kwanjilatar zai zauna?

Tambaya

Salamu alaikum Tanti, ina gaisuwa, ya gida ya zahi. Ni ƴar Tawa ce aure ya kawo ni Yamai, shekara 6 kenan muna haya a Lazare. Maigidana yana bida a Abijan, Allah ya hore mai abin da za mu sayi gida namu, dillali ya kai ni da ƙanen maigida munka ga gida biyu. Na Bobiyel ya hi kyau, salo babba da karo da filafo, amma kizin ɗin Tanti kamar shagon mai cajin waya, na auna da igiya da munka dawo yaro ya gwada min metir 2 ne da 2 da rabi, kuma an zuba dakalin wanke-wanke na siminti ya cinye dogon bangon. Na Yamai 2000 salon ƙarami ne amma kizin ya kusa ɗakin kwana girma kuma akwai magaza jikinshi. Ni kuma ina da firigo na kayan aurena, da kwanjilatar da nike saida ƙanƙara da bisab, da kwiziniyar mai kai 4, kuma ina zubin adashi in sayi mashin ɗin wanki. Dillali ya ce duk za su shiga, maigida ta waya ya ce ba a barin gida don kizin. Ki ba ni shawara kahin a ba da abans.

Maman ƴan biyu, Lazare

Amsa

Wa alaikum salam ƴata, gida lafiya lau, zafi kam sai godiya. Na yaba miki da igiyar nan, don mafi yawanmu ido kawai muke kai wa gida, kuma ɗakin da ba kaya ciki maƙaryaci ne, komi ƙanƙantarshi sai ki ga kamar za a yi rawa a ciki. Shi dillali ba ƙarya ya yi ba da ya ce za su shiga, ai ko motar kasuwa in aka danna kaya suna shiga, amma ba a gaya miki ba bayan sun shiga ke ina za ki tsaya ki tuƙa tuwo.

Zo mu yi lissafi da awon da kika kawo. Dakalin nan da magina ke ce wa payas galibi santi 60 yake ci daga bango, to faɗin metir 2 saura santi 140 kenan. Bangon da ke kallonshi ne kaɗai ya rage miki, metir 2 da rabi, wataƙila ma ƙofa ta ciji wani abu a ciki. Firigo mai ƙofa ɗaya faɗinshi wajen santi 55 zuwa 60, kwiziniyar mai kai 4 ita ma 50 ko 60, mashin ɗin wanki mai ƙofa a gaba 60, kwanjilatar na kwance irin na masu ƙanƙara kuwa ya kai metir 1 ko ya ɗara. Tara su ki gani, sun kusa metir 3 tun ba a bar tazara tsakaninsu ba. Ba su shiga layi ɗaya. Ko an yi dabara an karkata wani, zurfinsu santi 60 zuwa 70 ne, hanyar da za ta rage tsakaninsu da dakali ba ta wuce santi 70 zuwa 80 ba, ki buɗe ƙofar firigo ta toshe hanyar kaf, ki duƙa ki buɗe fur ɗin kwiziniyar bayanki na dukan siminti, ƴan biyu kuma ga su nan ƙarƙashin ƙafa kina ɗauke da tukunya mai tafasa. Abin da ake so tsakanin layi biyu kada ya gaza santi 90, in da hali metir 1 da 20, yadda mutum biyu za su gifta juna ba sai ɗaya ta fita ba. Kuma kwanjilatar sama yake buɗewa, ba a kafa kanta a bisanshi sai can sama, kin ga ya ci ƙasa ya ci bango.

Ko da a ce sun shiga ma, abin da ya fi damuna zafi ne. Firigo ba sanyi yake ƙerawa ba, zafin da ke ciki yake kwasowa ya zubar ta baya ko ta gefe, shi ya sa in kin dafa jikinshi za ki ji ɗumi. In kika manna shi da bango, kika kawo kwiziniyar kika jingina mai, kika ƙara kwanjilatar shi ma yana huci, duk cikin ɗaki mai metir kare 5, a watan Afrilu da Mayu da Yamai ke wuce digiri 40 a inuwa, to motar firigon, wato injin da ke sa shi sanyi, ba za ta huta ba dare da rana, faktir ɗin Nigelec ya hau, ƙanƙararki ta kwana ba ta kama ba, kafin shekara biyu kin san lambar mai gyara da ka. Ki bar wa firigon kamar santi 10 ta baya da gefe, sama ma a buɗe, kuma kada ya yi maƙwabtaka da wuta.

Ki leƙa ƴar takardar da ke manne cikin firigonki ko bayanshi, inda aka rubuta Classe climatique, akwai harufa. N da SN an yi su ne don ɗakin da bai wuce digiri 32 ba, ST ya kai 38, T ya kai 43. Da yawa cikin na hannu da ake kawo mana daga Turai, waɗanda muke ce wa Faransa orabuwar, N ne ko SN, ba don ƙasarmu aka ƙera su ba, in naki irin su ne to ya fi kowa bukatar wuri mai iska. Shi ya sa nake cewa kada ki je ganin gida da safe ko bayan la'asar sakaliya, ki sa dillali ya buɗe miki da ƙarfe 2 na rana, ki shiga kizin ki rufe ƙofa ki tsaya minti 5. Ki duba rufin dal ne ko kwano, in kwano ne akwai filafo a kizin ko a salo kawai aka yi don idon mai saye, ki duba ko bangon da firigo zai jingina yamma yake kallo, don bangon yamma har bayan isha'i yana huci.

Sai ƙofa. Ni wannan a jikina na koya. Da muka tare gidanmu na sayo firigo mai ƙofa biyu irin na Amurka ɗin nan mai faɗin santi 90, masu kaya suka sauke shi suna haki, ƙofar kizin santi 70, aka juya shi ta gefe lungun ya hana, aka cire ƙofofinshi aka sake gwadawa har fenti ya kankare, ƙarshe a salo ya zauna kusa da talabijin, duk baƙuwar da ta zo sai ta ce masha Allah, ni kuwa kowace albasa sai na ratsa gaban baƙin maigida na ɗauko. Ki auna ƙofar gida, ki auna ta kizin daga ƙarfe zuwa ƙarfe, ki auna kwanar lungun da kaya za su bi.

Ki ƙirga piriz kuma. Kizin da yawa piriz ɗaya ne ko biyu, daga nan sai a fara jan ralanj ta ƙarƙashin wurin ruwa, wanda ba na so ko a gidan maƙiyi. Firigo nashi daban, kwanjilatar nashi daban, mashin ɗin wanki nashi daban mai wayar ƙasa, ga famfo ga hanyar fitar ruwa. Ki tambayi kwantar na kilowat nawa ne, don in na 3 ne, butar lantarki kaɗai tana jan wajen wat 2000, a kunna dutsen guga a ɗaki dijontar ta faɗi. Ki bar wurin regilatar mai daidaita ƙarfin wuta a bango, kin dai san halin kuran ɗinmu, kin tuna watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana wuta, masu ƙanƙarar da kwanjilatar ɗinsu ke wuri mai sanyi su ne kayansu ya riƙa jure delestaj, waɗanda nasu ke cikin ɗaki mai zafi kamar tanda kuwa ruwa suka riƙa kwasa. Amma wuta da famfo abin gyara ne, mai lantarki zai ƙara miki piriz a yini guda, kada su su hana ki gida. Fili ne ba a ƙarawa.

To maganar maigida, rabinta gaskiya ce. Mu nan kizin biyu gare mu ko ba a gina na biyun ba. Daka ba a yi bisa karo sai ya fashe, tuwon suna da suyar naman layya a tsakar gida ake yin su da itace ko gawayi, kuma babu dokar da ta ce kwanjilatar da mashin ɗin wanki sai a kizin za su zauna. Saboda haka ki koma Bobiyel, wannan karon bayan kizin za ki duba. In akwai fili jikinshi da za a tada magaza ko rufaffiyar rumfa mai iska, a kai kwanjilatar da mashin can, a fasa rabin dakalin nan, to gidan ya yi, ki kawo magini ya yi muku kuɗin aikin har da siminti da ƙarfe a farashin kasuwar Katako na yau, a nemi mai saida gidan ya rage daidai wannan. In kuwa parsel ɗin irin mai metir kare 200 ne da aka cika da gini har katanga, ba inda za a motsa, ni na Yamai 2000 zan ɗauka ban ko waiwaya ba. Salo baƙo ke zama ya tashi, ke ce za ki wuni a kizin, kuma kwanjilatar nan ba kayan ado ba ne, shi ke kawo jikka-jikkar da ke riƙe cefane in saƙon Abijan ya yi jinkiri, balle a watan azumi.

Kuma kada ki yi gardama da maigida ta waya, ba ya gani. Ki ɗauki alli ko gawayi ki je da ƙanenshi, ku zana kowane kaya a ƙasan kizin da awonshi, har da inda ƙofar firigo ke kaiwa in an buɗe, ki tsaya a ɗan abin da ya rage a ɗauke ki bidiyo a tura mai ta WhatsApp. Ku yi haka a gida biyun.

Tambaya

Tanti barka da aiki. Na sayi gida a Tawa, ƙarƙashin payas akwai wani rami mai ƙyaure da anka yi don butel ɗin gaz, madam ta ce tana tsoro. Akwai matsala?

Wani malamin makaranta, Tawa

Amsa

Malam, madam ta fi ka gaskiya in ramin a rufe yake ruf. Gaz ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ƙasa yake kwanciya ya taru, tagar sama ba ta fitar da shi, sai ranar da aka ƙyasta ashana. Ka sa a huda ƙyauren ta ƙasa, in bangon waje ne a buɗe ƴar kafa daidai ƙasa mai raga saboda ɓera. Butel a tsaye yake zama, mai kilo 6 ne ko babban, kada a kwantar da shi don ya shiga rami, kada kuma piriz ko motar firigo su kasance ciki tare da shi. Tiyon yana da shekarar daina aiki a rubuce jikinshi, ka duba, in ya fara tsagewa a canja ko shekarar ba ta cika ba. Gwajin yoyo da ruwan sabulu ake yi a bakin detandar, wato kan da ke haɗa butel da tiyo, in ya yi kumfa a rufe. In da fili bayan kizin, ka gina mai ɗan ɗaki a inuwa mai ƙofar raga da kwaɗo, a ratso bututu ta bango, don zafin Adar ba a barin butel a rana.