Amsar tambayarki kan tone gawar Zola

Salam 'yata, na ga saƙonki tun shekaranjiya, ciwon gwiwar nan ne ya hana ni zama in rubuta. Kin ce malaminku na adabin Faransanci ya faɗa muku wai an tono gawar marubucin Faransa Emile Zola bayan shekara shida da binne shi aka kai ta wani gini, kuma kina tambaya wace irin al'ada ce wannan, mutane su tayar da mamaci daga makwancinsa. To gaskiya malaminku ya faɗa, kuma nima da na fara jin labarin ina ɗan lakwal sai da tsigar jikina ta tashi.

Ginin sunansa Panthéon, yana tsakiyar Paris, asalinsa coci ne sarki Louis na 15 ya sa aka gina. Da aka yi juyin juya hali sai a 1791 'yan majalisa suka ce daga yau nan ne makwancin manyan mutanen ƙasa, har suka rubuta a goshin ginin cewa ƙasa na godiya ga manyan mazajenta. Kin gane abin? Coci tana da waliyyanta, ana adana ƙasusuwansu ana kai musu ziyara, su kuma masu jamhuriya da suke rigima da coci suka ce mu ma sai mun yi namu waliyyan. Masana tarihinsu irin su Mona Ozouf sun yi rubutu a kan ginin nan sosai, ni dai abin da na fahimta shi ne addini suka kora ta ƙofa ya dawo musu ta taga da rigar gwamnati. Kuma da yake 'yan siyasa ne ke zaɓa, wanda aka fara sakawa, Mirabeau, ɗaya daga jagororin juyin, a 1794 aka fitar da shi da aka gano yana hulɗa da sarki a ɓoye. Kin ga waliyyin da ake kora daga kabari.

Shi Zola kuwa kar ki ɗauka don littattafansa kawai aka kai shi. Manyan masu adabi na lokacin ƙyamarsa suke, ya nemi shiga Académie française, majalisar manyan masana harshe da adabin Faransa, sau da yawa suna ƙin sa, wai rubutunsa ƙazanta ne, mashaya da karuwai da warin gumi. Shi kuma cewa yake marubuci kamar likita yake, ya duba yadda gado da muhalli ke sarrafa mutum ya faɗa ba kunya, wannan shi ne naturalisme ɗin da ake koya muku, littafi 20 ya yi a kan zuri'a guda daga 1871 zuwa 1893. Kafin ya rubuta Germinal, littafinsa kan masu haƙar kwal, sai da ya je Anzin, yankin haƙar kwal a arewacin Faransa, a 1884 ana tsakiyar yajin aiki, ya sauka cikin ramin kwal da kansa, mutum mai tumbi ɗan birni yana rarrafe cikin duhu, ya fito ya cika takardu da abin da ya gani, har abin da matan leburori ke dafawa. Shi ya sa ranar jana'izarsa a 1902 (hayaƙin murhun ɗakinsa ne ya kashe shi cikin dare, bututun ya toshe, har yau wasu na cewa da hannun maƙiya) masu haƙar kwal daga Denain suka bi gawar suna ihu Germinal, Germinal.

Abin da ya kai shi Panthéon shari'ar Dreyfus ce. Hafsan soja ne Bayahude da aka yi wa ƙazafin sayar da sirri ga Jamus a 1894, Zola ya buga wasiƙarsa a jaridar L'Aurore ranar 13 ga Janairu 1898 yana kiran sunayen janar-janar ɗaya bayan ɗaya, aka yanke wa Zola ɗaurin shekara guda da tarar faran 3,000, ya gudu Ingila. A 1906 kotu ta wanke Dreyfus, a shekarar kuma majalisa ta ce a kai Zola can, wato dai waɗanda suka ci nasara ne suke cusa wa abokan gaba barkono a ido. Ranar bikin ma, 4 ga Yuni 1908, wani ɗan jarida mai suna Grégori ya zaro bindiga ya harbi Dreyfus a hannu a cikin taron, kuma wallahi kotu ta sake shi. To ki faɗa min ina natsuwar makoki a nan.

Lokacin da aka tura mu kwas Faransa na shiga wurin, ƙarƙashin ƙasa ne, sanyi kamar randa, Zola da marubuci Victor Hugo ɗaki ɗaya suke, daga baya a 2002 aka ƙara musu wani marubucin, Alexandre Dumas. Na ga na Félix Éboué ma, baƙar fata da ya yi gwamnan Chadi, shi an kai shi a 1949. Ba wanda na ga yana addu'a, sai 'yan yawon buɗe ido da hotuna, ni kam fita na yi da sauri na nemi rana.

Su ma fa yanzu ba kullum suke tonowa ba, sai dangi sun yarda, mawaƙiya Josephine Baker a 2021 akwati da ƙasa aka shigar, gawarta na Monaco. In za ki sa wannan a aikinki ki haɗa shi da dokar 1905 da ta raba coci da gwamnati, malamin zai gane kin yi karatu. Ki gaida mamanki, ki ce mata man zafin da ta aiko ya ƙare.

Kawunki