Amsa ga ƙanwarmu ta unguwar Nima a Accra mai tafiya Amurka

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce maigidanki ya yi miki takardu, biza ta fito, amma gabanki na faɗuwa kan abin da za ki tarar in kin sauka JFK, filin jirgin New York. Kwantar da hankalinki, mai wuyar ta wuce tun a embasi.

Daga filin jirgin Accra in jirgin Delta kika shiga kai tsaye ne, wajen awa 11, kina sauka ki bi jama'a har layin imigireshan, waya ta koma jaka don ba sa son ɗaukar hoto a wurin. Fasfo da ambulan ɗin nan da embasi ta liƙe, in sun ba ki, su zauna a jakar hannu, kada ki kuskura ki buɗe shi ko ki jefa a babban akwati. Ofisa zai ɗauki hotonki da yatsunki, ya tambayi wa ya kawo ki, ina za ki zauna. Sau da yawa sai su ce ki bi wani zuwa ɗaki na biyu, a nan ne mutanenmu ke fara salati a zuci, alhali ba kamu ba ne, takardun sabon shiga suke dubawa, ki zauna kawai har a kira sunanki. Adireshin maigida ki rubuta a takarda da lambarsa, don can za a aiko girin kad, katin izinin zama, ta gidan waya, in ya sauya gida ki faɗa musu nan take. Tambarin da za su buga miki shi ne shaidarki na shekara guda kafin katin ya zo, amma ki tuna masa ya biya kuɗin USCIS, hukumar da ke fitar da katin, in ba a biya ba kati ba ya fitowa.

Inda ni nake jin tsoro shi ne akwati. Na san mu, ana jin za ki tafi duk unguwa za ta taso da saƙo, wannan ƙullin leda na ɗanta a Bronx, waccan kwalbar yajin shito an naɗe da salatif. Abin da ba ki buɗe kin gani da idonki ba kada ki ɗauka, ko na gwaggonki ne, gara ta yi fushi. Nama kam ba ya shiga, kilishi, wele, dambu, duk a kwandon shara suke ƙarewa, haka ɗanyun 'ya'yan itace. Gari da busasshen kifi na sha wucewa da su lafiya. Sirrin dai in 'yan kwastan sun ce kina da abinci ki ce e, ki lissafa komai har goro. In kin faɗa iyakaci su ƙwace, in kika ɓoye karensu ya shinshino, tarar dala 300 ce tun ranar farko. Kuɗi ma in ya haura dala 10,000 sai an bayyana.

Kina fitowa kada ki bi masu raɗa miki taksi taksi, ki tsaya inda kuka yi da maigida. In lokacin sanyi ne ki ce ya zo miki da jaket mai kauri, mayafin Nima ba zai yi komai ba. Allah ya kai ki lafiya.